Muhawarar zaure: Wai masu buga Elite Dangerous a Solo matsorata ne?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Jiya da dare a Elite Dangerous, wasan nan na jiragen sararin samaniya, na ɗauki jirgina Asp Explorer na nufi yankin tauraron Deciat wurin Felicity Farseer, injiniyar da ke ƙara wa injin tsalle nisa. Ban ko hango masaukinta ba wani ya fizgo ni daga gudu da jirgin yaƙinsa Fer-de-Lance. Bai yi sallama ba, bai nemi kaya ba, bai ce uffan ba. Kafin in juya hancin jirgi garkuwata ta tafi, sai ga ni a gaban allon inshora. Na biya kashi 5 cikin 100 na kuɗin jirgin an maido min da shi, amma duk bayanan taurarin da na tara ban sayar ba sun salwanta, don inshora ba ta biyan wannan.

Ga maganata. A duk wasannin yaƙin sararin samaniya da na taɓa riƙewa babu mai daɗin tuƙi kamar wannan. Ɗigon wuta shida gare ka, kana raba su tsakanin garkuwa da inji da makamai, ba ka iya zuba fiye da huɗu a wuri ɗaya, kuma a tsakiyar faɗa kake wannan lissafin. Ga ƙarar injin, kana jin jirgi yana nishi in ka matsa masa. Amma tsarin injiniyoyi ya kashe faɗan. Wanda ya daɗe yana tsintar ƙarafa yana kai musu, garkuwarsa da bindigarsa sun ninka naka, ko da ka fi shi iya tuƙi. Yawan zama ne ke cin faɗa yanzu. Kuma don Allah kada wani ya ce in koma Solo, inda mutum ke bugawa shi kaɗai, ni ba na cikin matsorata.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ƙanina, su wa kake kira matsorata?

Ɗan Fagge: Yaya, ba da kai nake ba.

Baban Ummi: Da ni kake mana, tunda kowa a zauren nan ya san Solo nake bugawa. Ina dawowa daga kasuwa a gajiye, in samu ɗan lokaci bayan isha'i, in ɗauki kaya in kai wata tasha. Don ban miƙa wuyana ga yaron da ba shi da aikin yi sai farautar sababbin shiga ba, shi ne na zama matsoraci? Masu wasan da kansu suka sa hanya uku, Open inda kowa ke haɗuwa da kowa, da Private Group na kai da abokanka, da Solo. Ba wanda aka rubuta wa cewa tasa ce ta maza.

Sarkin Yaƙi: Baban Ummi, da girmanka, amma gaskiya ɗaya ce. Sunan wasan ma ya gaya maka akwai haɗari. In ka shiga inda ba wanda zai iya taɓa ka sai jiragen kwamfuta, to me ka guje wa in ba haɗarin ba? Wanda ya guje wa haɗari kuwa Hausa tana da sunansa.

Gimbiya: Hausa tana da sunan wanda ke tare hanya ya kashe mai wucewa ba dalili ma. Ka faɗe shi mu ji.

Sarkin Yaƙi: Anti, ni ban tare kowa a Deciat ba.

Gimbiya: Ban ce kai ne ba. Amma kullum aka kawo ƙarar irinsu kai ne lauyansu.

Na Damagaram: Ku tsaya ku ji ta wajenmu. Ni ba tsoro ya kai ni Solo ba, layi ne. Wannan wasa in kun haɗu da mutum, kwamfutarka da tasa ne ke magana kai tsaye. In layinka ba shi da ƙarfi sai ka ga jirginsa yana ɓacewa yana ɓullowa, kana harbin inda ya bari. Shi kuma yana ganinka sarai. Ta yaya zan yi faɗa haka da wanda ke zaune a Jamus? Solo ɗin ma sai da intanet, ba a buga shi ba layi. Lokacin da suka nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2012 an sa rai za a iya bugawa ba intanet, sai aka janye wannan a Nuwamba 2014, saura wata ɗaya wasan ya fito. Wannan ne aibin da ya fi damuna, ba injiniyoyi ba.

Sarkin Yaƙi: Kowa ya sha kashi sai ya ce layi ne.

Na Damagaram: Malam, ka zo ka zauna a ɗakina ka gwada, sannan ka yi magana.

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar injiniyoyi na kawo fa.

Baban Ummi: Ka janye kalmar tukuna, sai mu koma kan injiniyoyi.

Sarkin Yaƙi: Kada ka janye komai, ɗan'uwa. Bari in gaya muku abin da ke ci min rai da 'yan Solo. Duniyar wasan ɗaya ce. Kayan da Baban Ummi ya kai tasha a ɓoye suna ƙara wa ƙungiyar da ke mulkin wurin ƙarfi daidai da wanda ni na kai a fili ana harbina. A Powerplay, gasar mulki tsakanin manyan shugabannin cikin wasan, ma haka. Mutum zai iya rushe aikin da ƙungiyarku ta daɗe tana yi, ba ku gan shi ba, ba ku da hanyar tare shi. In ba ka son a kira wannan tsoro, to ka ba ni sunan da zan kira shi.

Gimbiya: Wannan aibin tsarin wasa ne, ba halin mai bugawa ba. Ka kai kukanka inda ya dace. Kuma ko kowa ya shiga Open ba lallai ku haɗu ba, tunda wasan yana raba mutane rukuni-rukuni ko da suna wuri ɗaya. Tarin taurarin Milky Way aka kwaikwayo, taurari wajen biliyan 400. Ni na je Colonia, tafiyar haske ta shekara kusan 22,000 daga inda aka fi cunkoso, a Open na yi tafiyar, ban ga ɗan'adam ko ɗaya a hanya ba. To jarumta na yi ke nan? Jarumtar taku duk a wuri biyu ko uku take, Deciat da Shinrarta Dezhra da inda aka yi gangamin mako, don kun san nan jiragen da ba su da makami suke bi.

Mai Gidan Gem: Ni dai a PS4 nake, kuma a can sai kana biyan PlayStation Plus kake shiga Open. Solo kyauta ne in ka sayi wasan. To wanda bai da dalar biyan wata-wata shi ma matsoraci ne? Ku riƙa tauna magana.

Sarkin Yaƙi: Oga, kai ai ba ka cikin lissafi. Naku wasan ya tsaya tun Maris 2022 da kamfanin wasan, Frontier, ya ce ya daina ƙara wa na'urorin gem sabon abu. Ba ku ga Odyssey ba, ƙarin wasan da ake sauka daga jirgi a taka ƙasa, ba ku ga yaƙin manyan jiragen baƙin halittun Thargoid takwas ɗin nan da aka gama a Disamba 2024 ba. Tsohon zance kake bugawa.

Mai Gidan Gem: Odyssey ɗin da ya fito a Mayu 2021 yana sanƙarewa a manyan kwamfutoci har shugaban kamfanin na lokacin, David Braben, ya fito ya ba da haƙuri? Shi kake min gori da shi? Ni abin da na saya jirgi ne, ba yawo a ƙasa da bindiga ba. Kuma da hannun gem nake tuƙi, in ka isa ka aje linzamin kwamfuta mu gwada.

Sarkin Yaƙi: Ta ina za mu gwada, alhali na'urarka da tawa ba sa haɗuwa a fili ɗaya? An ba ku damar kwashe asusunku ku dawo kwamfuta, kun ƙi.

Mai Gidan Gem: Kai za ka saya min kwamfutar?

Na Damagaram: Masu linzami suna da sauƙin saiti da bindigar da ba ta bin abokin gaba da kanta, wannan kowa ya sani. Amma sandar tuƙi ta fi duka daɗi.

Gimbiya: Ba wanda ya tambayi daɗi. Ana maganar an zagi mutane.

Ɗan Fagge: Anti, wallahi ban yi nufin zagi ba. Zafin abin ne. Ni so nake a ce jirgi da jirgi in sun haɗu, wanda ya fi iya juyi da rabon wuta shi ya ci. Yanzu kuwa kamar a ɗauko yaron da ya fara ɗaure hannu jiya a ce ya shiga fili da shagon da ya shekara goma yana kashe mutane a dambe. Fer-de-Lance kuɗinsa ya haura miliyan 50 na kuɗin cikin wasa kafin a sa masa komai, Asp bai kai miliyan 7 ba, sannan a ɗora masa aikin injiniya mataki na biyar a kowane ƙarfe.

Sarkin Yaƙi: To a nan kuskurenka yake, kuma don ina sonka zan gaya maka. Ba a ce ka ci shi ba, cewa aka yi ka tsira. In aka fara fizgo ka, kada ka yi gardama, ka sauke gudu ka miƙa wuya, injin tsallenka zai fi saurin hucewa. Kuna faɗowa ka zuba ɗigo huɗu a garkuwa, biyu a inji. Kada ka ba shi baya ka miƙe, nan ne yake so. Ka nufo shi ka wuce ta gefensa, dole sai ya juyo. Sannan ka yi tsalle zuwa wani tauraro daban wanda ka riga ka zaɓa, don nauyin jirginsa ba ya rage maka saurin irin wannan tsallen, ƙaramin tsalle na cikin yankin tauraron da kake kawai yake riƙewa. Na tabbata ƙaramar garkuwa ka sa don jirgi ya yi sauƙi ya yi nisa. Wanda ya koyi wannan ya fi ƙarfin 'yan tare hanya. Wanda ya gudu Solo kuwa har abada ba zai koya ba.

Baban Ummi: Ka ga, ka yi magana mai amfani, sai ka ɓata ta a ƙarshe. "Gudu" kuma. Kai da ka gama koya masa yadda ake gudu yanzun nan.

Sarkin Yaƙi: Gudu a gaban maƙiyi dabara ce, Yaya. Ƙin fitowa filin shi ne abin da muke magana.

Na Damagaram: Tunda ana maganar gudu, akwai wanda ya taɓa rubuto min baƙar magana wai na zare waya don kada ya kashe ni. Wuta ce ta ɗauke. A wajensu duk wanda ya ɓace a tsakiyar faɗa maguɗi ne. Wasan yana sa ka jira daƙiƙa 15 in za ka fita kana cikin haɗari, to mai ɗauke wuta ba ya jiran daƙiƙa 15. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na bar Open, ba na son a ɓata min suna a kan abin da ba ni na yi ba.

Sarkin Yaƙi: Ka sayi batir.

Mai Gidan Gem: Komai "ka saya". Shi ya sa wasan ya koma haka. Tun 2024 da aka fara sayar da jirgin Python Mk II da kuɗin gaske kafin a sake shi ga masu kuɗin cikin wasa, na san inda aka dosa. Har jirgi shiryayye ake sayarwa yanzu.

Gimbiya: Wannan kam gaskiya ne, amma a shekarar ce kuma aka sassauta tsintar kayan injiniyoyi, ana samunsu da yawa fiye da da. Ɗan Fagge, in ka daure ba za ka sha wahalar da na farko suka sha ba tun da aka kawo tsarin a 2016. Ni abin da ya riƙe ni a wasan ma ba faɗa ba ne. Akwai 'yan Fuel Rats, mutane ne kamar mu, in manka ya ƙare a tsakiyar babu sai su taso su kawo maka kyauta. Su ba sa kiran kowa matsoraci.

Sarkin Yaƙi: Kuma a Solo ba za su iya zuwa wurinka ba, sai ka fito inda mutane suke. Na gode da kika kawo min hujja, Anti.

Gimbiya: Private Group ma suna zuwa. Kada ka murɗa min magana.

Baban Ummi: Ni har yanzu ban ji an janye kalmar ba. Na girmi yaron nan nesa ba kusa ba, kuma ni na fara nuna masa yadda ake shiga ƙofar tasha ba a ci tara ba.

Ɗan Fagge: Haka ne Yaya, ban musa ba. Amma ka bar ni in faɗi ra'ayina a kan wasa.

Baban Ummi: Ra'ayi a kan wasa daban, suna da ka laƙaba wa mutane daban.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta daga muhawarar. Kusan kowa ya yarda tuƙi da rabon wuta na Elite Dangerous ba su da na biyu. An kuma nuna cewa asarar Ɗan Fagge daga shirin jirginsa ta fito, kuma Sarkin Yaƙi ya ba shi magani a fili, ina ba kowa shawara ya adana wannan bayanin. Maganar injiniyoyi an sassauta ta tun 2024, don haka ba ta da sauran nauyi. Game da Solo, ba wanda ya iya amsa hujjar cewa suna taɓa duniyar kowa daga inda ba a ganinsu. Masu matsalar layi da wuta muna yi musu uzuri. Sauran kuwa, Open shi ne ainihin wasan, kuma ranar Asabar za mu fita tare a can, mu raka Ɗan Fagge Deciat da jiragen yaƙi.

Gimbiya: Shugaba, na amsa hujjar, ka koma sama ka karanta. Kuma wa ya nuna daga shirin jirginsa ne? Sarkin Yaƙi zato ya yi, yaron bai faɗi irin garkuwar da ya sa ba.

Mai Gidan Gem: Mu na PS4 ko ambatonmu ba a yi ba.

Baban Ummi: Shugaba, kai da Sarkin Yaƙi ƙungiyarku ɗaya a wasan, kowa ya sani. Asabar ɗin ku je lafiya, ni ina da kaya da zan kai.