Muhawara: A ɗauki ƙunshi guda ko a tsinci laburare ɗaya-ɗaya?

Bitrus: Jama'a barkanmu da yamma. Zan maimaita abin da na faɗa wa yaran da nake koya wa aiki a Bukuru, wanda bai yarda ba ya fito fili. Duk mai haɗa manhajar da zai zauna yau yana tsinto laburare (wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, ka ɗauko ka yi amfani da shi) ɗaya-ɗaya, yana rubuta wa kowanne lambar sigarsa da hannu, alhali firamwok ɗinsa, wato ginshiƙin da yake gina manhajar a kai, ya riga ya ɗaure su a ƙunshi guda, to lokacin kwastoma yake ɓatawa. A Spring Boot, firamwok ɗin Java, layi ɗaya na spring-boot-starter-web zai kawo maka laburaren Spring MVC da Tomcat da Jackson, kuma masu Spring sun riga sun gwada su tare. Me ya rage?

Usman: Oga Bitrus ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Fayil ɗin pom, inda ake jera laburare, na aikin kammala karatuna ya kusa fin kod ɗin kansa tsawo 😂

Nafisa: Abin da ya rage shi ne ka san me ka shigo da shi. Yaya Bitrus, ko a Farin Gada in ka sayi kwandon tumatir ai sai ka sa an juye ka ga na ƙasa. Layi ɗaya ka rubuta, gaskiya ne, amma buga mvn dependency:tree ka ga jerin da ya biyo shi, ya cika allo. Duk ɗayan da aka samu ɓaraka a cikinsa, manhajarka ce ta yoye, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Bitrus: Nafisa, mai tsinta ɗaya-ɗaya ma ai bai tsira daga wannan jerin ba. Kowane laburare yana zuwa da 'yan rakiyarsa. Bambancin kawai, shi babu wanda ya sasanta masa su. Laburare biyu su buƙaci abu guda amma siga daban, Maven, manhajar da ke haɗa aikin, zai ɗauki wanda ya fi kusa da tushen aikinka, in nisansu ɗaya ya ɗauki wanda aka fara rubutawa. Takwaransa Gradle kuwa mafi sabo yake ɗauka. Kod ya haɗu lafiya lau, sai an ɗora a saba, ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta, kuskuren NoSuchMethodError ya fito. Wannan ciwon kan ne Spring Boot ta zo kashewa a 2014.

Malam Garba: Salamu alaikum. Ina ta karantawa, kuma na ga kuna cakuɗa abu biyu. Akwai jerin sigogi, wato fayil ɗin da ke cewa in za ka yi amfani da kaza, to siga kaza ce ta dace da sauran. A Spring sunansa spring-boot-dependencies, kuma shi kaɗai ba ya sauko maka da komai. Akwai kuma ƙunshin da ke zubo maka kayan gaba ɗaya. Maganin ciwon kan da Bitrus ya bayyana yana cikin na farko. Na biyun sauƙin rubutu ne kawai.

Bitrus: Ranka ya daɗe, a aikace ai tare suke zuwa.

Malam Garba: Ba dole ba. Kuma kai da kake aikin .NET ka fi ni sanin labarin. A 2017 da ASP.NET Core 2.0, firamwok ɗin yanar gizo na .NET, ta fito, Microsoft ta kawo Microsoft.AspNetCore.All, ƙunshi guda mai komai da komai, har da laburaren da ba nata ba, irin na Redis da SQLite. Shekara ba ta cika ba, a siga ta 2.1, ta fito da Microsoft.AspNetCore.App, ta tsame waɗanda ba ita ke kula da su kai tsaye ba, ta ce wannan za a riƙa amfani da shi. A 2019, siga ta 3.0, aka yi watsi da .All ɗin kwata-kwata. Aka fitar da Entity Framework Core daga cikin abin da ke zuwa tare, aka fitar da Newtonsoft.Json, wanda ke so ya ƙara da kansa. Kamfani mai ma'aikata dubbai ya ga ba zai iya ɗaukar alhakin kayan da wasu ke rubutawa ba. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Bitrus: Amma Malam ba su koma tsinta ɗaya-ɗaya ba, ƙara ɗaurewa suka yi. Yanzu ginshiƙin ASP.NET Core yana zaune ne a kan saba, ba a cikin manhajarka ba. An fitar da gyaran tsaro, ka sabunta shi a saba, ka sake kunna manhajar, ta ɗauki gyaran ba tare da ka sake haɗa ta ba. Manhaja goma a saba ɗaya, gyara ɗaya ya ishe su.

Ladi: In akwai mai sabuntawa ba. Wata makaranta da na yi wa aiki wajen Rayfield, kwamfutar da ke riƙe da manhajar tana ƙarƙashin teburin akawu, tun ranar da aka kafa ta babu wanda ya taɓa ta sai mai shara. Wannan ribar taka ta masu ma'aikacin saba ce.

Kuma bari in kawo nawa ɓangaren. Create React App, abin kafa sabon aikin React a JavaScript. Wa bai fara React da shi ba a nan? Ƙunshi ɗaya, react-scripts, ya ɓoye maka webpack da Babel da ESLint, kana buga umarni guda aiki ya tashi. Daɗi iya daɗi. Sai masu shi suka yi sanyi, babbar sigarsa ta ƙarshe ta fito a ƙarshen 2021, daga baya a Fabrairun 2025 masu React suka sanar cewa a daina fara sabon aiki da shi. A tsakanin nan duk lokacin da ka buga npm audit, umarnin duba ɓarakar tsaro, gargaɗi ne ke zubowa, kuma da wuya ka iya ɗaga abin da ke ciki don ba kai ka ɗaure ba. Ko ka yi eject, wato ka kwance ƙunshin, ka gaji tulin saitin da ba ka taɓa karantawa ba, ko ka kwashe kayanka ka koma wani abin haɗa aikin, irin Vite. Ƙunshi yana da rai ne muddin mai ɗaure shi yana nan.

Usman: Anti Ladi to left-pad fa? Na ji an ce tsinta ɗaya-ɗaya ce ta jawo.

Ladi: Wannan wani labari ne daban, ƙanena. A Maris 2016 marubucin wannan ƙaramin laburaren ya janye kayansa daga npm, rumbun laburaren JavaScript, bayan rikici kan wani suna, kod mai layi 11 ya hana Babel da tarin ayyuka haɗuwa. Yawancin waɗanda abin ya shafa ba su ma san suna amfani da shi ba, ta ƙarƙashin wani laburaren ya shigo musu. In shaida ce, ta Nafisa ce.

Bitrus: To mu zo Log4j, Disambar 2021, tunda tsaro kuke ta kira. An gano babbar ɓaraka a wannan laburaren da ke rubuta bayanan abin da manhaja ke yi, duniya ta rikice, amma wanda ya bar Spring Boot yadda ta zo bai shiga tsakiyar wutar ba, don Logback, wani laburare mai irin aikin, ƙunshin ke kawowa, ba log4j-core mai ɓarakar ba. Waɗanda suka ga sun fi masu firamwok wayo suka sauya zuwa Log4j2, su ne suka kwana a farke.

Nafisa: Sa'a ce wannan, ba hikima ba. Da a Logback aka samu irin wannan ɓarakar, da duk masu ƙunshin sun faɗa rami ɗaya rana ɗaya. Kuma ka tuna yadda waɗanda abin ya shafa suka fita. Ba su jira sabuwar Spring Boot ba, layi ɗaya suka rubuta, log4j2.version, suka ɗaga zuwa 2.15, ba a jima ba 2.16, sai 2.17, duk a cikin watan. Wanda ya iya yin haka shi ne wanda ya san akwai jerin sigogi a ƙarƙashin ƙunshin, ya kuma san ana iya taka shi. Yaron da aka koya wa "layi ɗaya, me ya rage" a ranar ba zai ma iya amsa wa kwastoma ko yana da Log4j ko ba shi da shi ba. Abin da ke damuna da maganarka ke nan Yaya, ba ƙunshin ba, koyarwar.

Bitrus: Yaron da ya yi wata biyu yana faɗa da sigogi kafin ya ga shafinsa na farko ya buɗe, ba zai kai ranar da za ki tambaye shi Log4j ba, ya riga ya koma sayar da data a Terminus. A fara da abin da ke aiki, a buɗe cikinsa daga baya.

Malam Garba: A nan kam Bitrus yana da magana. Ni ma a aji da ƙunshi nake farawa, har saboda wuta da data. In kowa yana kan siga ɗaya, mutum ɗaya zai sauko da kayan, a kwafi jakar .m2, inda Maven ke ajiye su, a filasha a raba, kowa ya yi aiki da mvn -o ba intanet. In kowa da zaɓinsa, wannan dabarar ta mutu. Sai dai mako na uku nakan sa su cire Tomcat daga cikin ƙunshin su sa Jetty da hannunsu, don su ga ɗaurin ba na har abada ba ne.

Ladi: Malam akwai abin da ba a taɓo ba. Ranar ɗagawa. Spring Boot 3 ta fito a Nuwamban 2022, ta ce sai Java 17, kuma javax.servlet da javax.persistence duk sun koma jakarta. Babu zancen ɗaga rabi a bar rabi, ƙunshin gaba ɗaya yake tafiya. Shekara guda bayan nan gyaran kyauta na 2.7 ya tsaya. Wa zai biya kuɗin wannan aikin? Kwastoma yana ganin manhajarsa tana aiki, ka ce ya biya don a sauya abin da ido ba ya gani.

Nafisa: Ni a takardar yarjejeniya nake sa shi tun farko, kuɗin kulawa duk shekara, in rubuta ƙarara cewa sabunta laburare yana ciki. Spring Boot duk wata shida take fitar da sabuwa, Mayu da Nuwamba, .NET kuma mai dogon tallafi shekara uku ne. Ranakun a bayyane suke, babu dalilin su zo wa mutum ba zato.

Bitrus: Ki turo mini sunan kwastoman Jos ɗin da ya sa hannu a kuɗin kulawa bai ce a cire ba, in je in gaishe shi.

Nafisa: Wanda ya ce a cire nakan cire, in sa ya rubuta da hannunsa cewa shi ya ce. Sai farashin kira na gaggawa ya ninka.