Raba sakandare gida-gida bisa sana'a: shi ne ya ceto makarantun Nashville?

Malamin lissafi: Jama'a, ina nan kan bakata. Makarantar da ta durƙushe, a raba ta gida-gida, kowane gida da sana'arsa da malamansa. Ku dubi Nashville a Amurka. Wajen 2005, cikin ɗalibai 100 kimanin 58 ke kammala sakandare. Suka raba manyan makarantu 12, wannan gidan kiwon lafiya, wancan na aikin otal, wancan na kwamfuta, adadin ya haura 80. A makarantar McGavock har ƙaramin banki aka buɗe, ɗalibai ke aiki a kantar bankin. Obama ma ya je can a 2014.

Hajiya: Malam, zuwan Obama ai ba hujja ba ce. A shekarun nan adadin masu kammalawa ya ƙaru kusan ko'ina a Amurka, har inda ba a raba komai ba.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya. Cibiyar bincike ta MDRC a Amurka ta bi sawun ɗaliban da ƙuri'a ta shigar irin waɗannan gidaje da waɗanda ta bari a waje, har shekara 8 bayan sakandare. Rahoton 2008 ya nuna wajen kammalawa duk kanwar ja ce. A aljihu aka ga bambanci: waɗanda suka shiga gidajen sun sami ƙarin kashi 11 cikin 100 na abin da suke samu, samari kuwa kashi 17.

Malamin lissafi: To Injiniya, ƙarin kuɗin ba riba ba ne?

Hajiya: Ribar samari dai, 'yan mata ba su ga wani abin kirki ba. Kuma yaro ɗan shekara 14 ko 15, me ya sani da za a ce ya zaɓi hanyarsa? Tsorona kar a riƙa tura ɗan talaka gidan otal, ɗan mai hali gidan likitanci.

Baba Shugaba: Ku bar ni in sa baki. Ina koyarwa aka kawo mana tsarin karatu na 6-3-3-4 a Najeriya a 1982, da alƙawarin kowane yaro zai fita da sana'a a hannu. Injinan kafinta suka iso makarantarmu cikin akwatunan katako. Ba wuta, ba malamin da ya san kansu. Har na bar wurin ba a cire ƙusa ko ɗaya ba, kajin maigadi ke ƙwai a bayansu. Su Nashville asibitoci da kamfanoni ne suka buɗe wa yara ƙofa, suna zuwa suna ganin aiki da idonsu.

Malamin lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, to laifin tsarin ne ko na masu aiwatarwa?

Baba Shugaba: Ɗana, fara gaya mini kamfanin da zai karɓi yaranka 300 a garinku.