Musayar Waƙa: Amurka da Kisan Kiyashin Yahudawan Turai

Malam Garba

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Kan matsayin gwamnatin Amurka lokacin da Jamus ta Hitila ke farautar Yahudawa.
A Yulin 1938 Shugaba Roosevelt ya kira taro a Ebiyan ta Faransa,
Ƙasashe 32 suka hallara, kowacce da jawabin tausayawa.
Da aka zo kan wanda zai ba baƙi masauki,
Jamhuriyar Dominika kaɗai ta yi tayin karɓar mutane da yawa.
A Mayun 1939 jirgin ruwan St. Louis ya tashi daga Hambag,
Ɗauke da mutum 937, kusan dukkansu masu tserewa.
Kuba ta hana mafi yawansu sauka, jirgin ya bi gaɓar Amurka,
Suna hangen fitilun Miyami, amma ba a yi musu izinin shigowa.
Aka mayar da su Turai, inda 254 daga cikinsu suka halaka,
Kuma ina jiran mai uzurin da zai iya kawowa.

Alhaji Isa

Malam Garba, ban musa ko ɗaya daga baitocinka ba,
Amma ba a yanke hukunci in ba a ji ɗaya ɓangaren ba.
A 1939 ana korar Yahudawa ana ƙwace dukiyarsu,
Sai dai ba a kai ga gina ɗakunan iskar guba ba.
Dokar 1924 ce ta ƙayyade yawan baƙin kowace ƙasa,
Kuma majalisa ba ta nuna niyyar sassauta ta ba.
Ran 17 ga Disamban 1942 Amurka da ƙawayenta sun yi shela,
Sun ambaci kisan a fili, ba su ɓoye masu aikata shi ba.
Hujjarsu ita ce a karya Hitila da gaggawa,
Domin ba a ƙwato wanda ke hannunsa ba tare da an ci shi da yaƙi ba.

Malama Hadiza

Baba Alhaji, da girmamawa nake sa baki a maganar manya,
Domin uzurin rashin sani yana da iyaka, kuma an ƙetare ta.
A Agustan 1942 Gerhart Riegner, wakilin ƙungiyar Yahudawan duniya, ya aiko telegiram daga Janeba,
Cewa an shirya hallaka wannan al'umma gaba ɗayanta.
Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauke ta jita-jita, ta danne,
Sai da ta biyo ta Landan kafin Stephen Wise, jagoran Yahudawan Amurka, ya karanta.
Ko adadin da doka ta halatta ba a cika shi ba a shekarun yaƙi,
Domin Breckinridge Long, mai kula da biza, ya sa ana jinkirta ta.
Uwa za ta nemo shaidar likita, da ta mai tsaya mata, da tikitin jirgi,
Kafin ta ƙarshe ta fito, wa'adin ta farko ya ƙare a hannunta.
Taron Amurka da Birtaniya kan 'yan gudun hijira a Bamuda ya buɗe ran 19 ga Afrilun 1943,
Ranar da unguwar Yahudawan Warso ta tashi kare kanta.
Wakilai suka watse ba da wani shirin ceto na kirki ba,
Alhali sojan Jamus na bin unguwar gida-gida yana ƙona ta.

Alhaji Isa

'Yata Hadiza, ki ba ma'aikatan Baitulmali haƙƙinsu,
Su ne suka tona asirin jinkirin abokan aikinsu.
Sakatarensu Henry Morgenthau ya kai ƙara gaban Roosevelt a Janairun 1944,
Aka kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijirar Yaƙi domin ceto su.
Da tallafinta jami'in jakadancin Suwidin Raoul Wallenberg ya isa Budafes ta Hangari a watan Yuli,
Yana raba takardun kariyar Suwidin, dubbai suka tsira da ransu.
Batun jefa bam a sansanin kisa na Auschwitz kuwa, layin dogo ba ya wuyar gyara,
Kuma bam bai san fursuna ba, yana iya faɗawa kansu.

Malama Hadiza

Baba, hukumar ta yi aikin alheri, amma ta zo a makare,
Lokacin da mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da aka kashe sun riga sun ƙare.
Daga Mayu zuwa Yulin 1944 an kwashe fiye da 430,000 daga Hangari,
Ana jigilar mafi yawansu zuwa Auschwitz cunkushe a taragai, rana da dare.
Da aka roƙi a kai hari, John McCloy na Ma'aikatar Yaƙi ya ƙi,
Ya ce ba a janye jirage daga fagen dagar da aka tsare.
Amma ran 20 ga Agusta jiragen Amurka sun ragargaji masana'antar Monowitz,
Kilomita kaɗan daga Birkenau, sashen kisa na Auschwitz, inda sauran suke a ɗaure.