Yaya ake narkar da daskararren ɓera don ciyar da mesa?

Tambaya: Jama'a, ƙaramar mesa ta ƙi karɓar ɓeran firiza. Ina matsalar?

Amsa: Malam, sanyi ne. Mesa da ɗumi take gane abinci. Ƙulle ɓeran a leda ya kwana a firij, sannan ka tsoma ledar a ruwa mai ɗumin digiri 40 na minti 15. Matsa cikinsa, in da sauran tauri, bai narke ba.

Amsa: Kul ka sa ruwan zafi sosai, cikin ɓeran fashewa yake. Miƙa mata da dogon hantsaki da dare, kana ɗan motsa shi.

Amsa: Kada kaurin ɓeran ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Bayan ta haɗiye, bar ɗaukarta kwana 2, in ba haka ba, tana iya amayar da shi.