Datsun 240Z da Nissan 370Z: wacce ta fi?

Baffa Makanike: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na faɗa a gareji, zan maimaita a nan: Datsun 240Z ta 1969 ta fi 370Z ɗin nan da yara ke ta yaɗa hotonta. Mai ja ya fito.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Baffa. Allah ya ƙara girma, amma da me ta fi ta? Taku ƙarfin doki 150 ne da 'yan kai, 370Z ta haura 330. Kafin ku wuce Wunti na kama hanyar Alkaleri.

Baffa Makanike: Yaro man kaza. Ka tambayi nauyi? Tsohuwar da kaɗan ta ɗara kilo 1,000, taka kusan 1,500. Silinda shida a jere, kafireto biyu, ka buɗe bonet kana hango ƙasa ta gefen injin. In ta yi tari, sukudireba da kunne sun ishe ni. Kuma ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971, ta sake ci a 1973, cikin laka da ƙura, ba kan kwalta mai santsi ba.

Oga Rewaya: Nan kam Baffa na da gaskiya. Sabuwar, fitila ɗaya ta kama, sai an jona kwamfuta kafin a taɓa komai. Amma Baffa, tsakani da Allah, yara nawa a Bauchi suka iya daidaita kafireto biyu yau? Ga tsatsa, ita ce ke cinye bodin tsofaffin Datsun.

Baffa Makanike: Laifin yaran ne, ba na mota ba.

Hajiya Mai Gwanjo: Ku dai kuna ta lissafin dawaki. Saniya ta faɗo titi a hanyar Gombe da magariba, wacce za ta tsaya? Tsohuwar ba ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ba jakar iska mai kare mutum in an yi karo, birkin baya ma na ganga ne. Ni ɗana ba zai shige ta ba.

Ɗan Auta: Hajiya ta gama magana!

Baffa Makanike: Ba ta gama ba. Birki na yarda, Hajiya, ba na musu da ke a kansa. Amma sitiyarin tsohuwar ba mai taya shi, duk tsakuwar da taya ta taka hannunka zai ji. Mai jin hanya ba ya gudun banza.

Hajiya Mai Gwanjo: To Baffa, safayarta fa, a wane shago za mu samo?

Baffa Makanike: Ki kawo motar tukuna.