Musayar Waƙa: Tsakanin Janja Garnbret da Lynn Hill

Ɗan Kufena:
Assalamu alaikum. Na buɗe musayar yau a kan Janja Garnbret, 'yar ƙasar Sloveniya da aka haifa a 1999, wadda ta ci lambar zinare ta hawan bango a wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, ta kuma sake ci a Faris a 2024. Amsa-amon da na kafa shi ne "wa", duk wanda zai shigo ina roƙon ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan soma
Yabon gwanar da ta san hawa.
Janja in ta shafa alli,
Bango shi ke fara yin rawa.
Tokyo ta ba ta zinariya,
Faris ba ta iya hanawa.
Gasa shida a shekara ɗaya,
Duka shidan ta yi lashewa.

Baitin ƙarshe yana nufin 2019, shekarar da ta cinye dukkan zagaye 6 na kofin duniya a gajeren bango, wanda ake hawa ba igiya sai katifa a ƙasa, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin ita.

Hajiyar Damagaram:
Ɗana, ka yi gaggawar naɗi,
Ba ka nemi labarin dattawa.
Mariƙin roba, katifa a ƙas,
Shi ne abin da kake yabawa?
Lynn Hill 'yar Amurka ta hau El Capitan,
Inda leƙen ƙasa ke sa juwa.
Maza sun shekara suna gwaji,
Mace ce ta fara gamawa.

A 1993 ta bi hanyar hawan dutsen El Capitan da ake kira Hanci, mai tsawon kusan mita 900 a kwarin Yosemite na Kalifoniya, da ƙarfin hannu da ƙafa zalla, domin igiyar da ke ƙugunta ta tsaro ce kawai, ba da ita take jan jikinta sama ba. A 1994 ta koma ta gama hanyar cikin sa'o'i 23, a lokacin ba a ma haifi gwanarka ba.

Ɗan Kufena:
Inna, na durƙusa na gaishe ki,
Amma zancenki na son dubawa.
A bututun hayaƙi na Trbovlje,
Can ma katifa ce ke tarewa?
Babban yatsan ƙafa ya karye,
Da ƙafa guda ta ci gaba da hawa.

Tsawon bututun, wanda ke garin Trbovlje na Sloveniya, mita 360 ne, babu wanda ya kai shi a Turai, kuma Janja ta hau shi a 2020 tare da ɗan ƙasarsu Domen Škofic. Karayar yatsan kuwa a farkon 2023 ta same ta, shekara guda da rabi kafin zinaren Faris.

Malam Mai Aruli:
Ba hawan dutse ya kawo ni ba, hawan kari ne ya kawo ni. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ɗangon da kika saka sunan Lynn Hill yana da gaɓa 12, alhali na gabansa da na bayansa 10 suke da su, saboda haka mai rerawa zai yi tuntuɓe a daidai wurin da kike son ya yi mamaki. Kai kuma Ɗan Kufena, amsa-amon "wa" na masu son hutu ne, domin kusan kowace aikatau ta Hausa idan aka liƙa mata wannan wutsiya za ta zauna. Wanda yake yabon mata masu neman hanya mafi wuya bai kamata shi ya bi mafi sauƙi ba.

Hajiyar Damagaram:
Allah gafarta Malam, sunan mutum ba riga ba ne da za a kai wa tela ya rage masa tsawo. Amma tunda ka raina "wa", ga wanda ba shi da wutsiyar aro.

Malam, ƙirga gaɓa a zaure
Ba ya kai mutum kan dutse.
Ƙarƙashin Babban Rufi da tsaga,
Siririya ce, a matse.
Nan ta cusa kan yatsunta,
Numfashin na ƙasa ya katse.
Bututun ɗana mariƙai aka ɗaura,
Rogo yake wa kallon kitse.

Wasu mazan sun ce ƙanƙantar yatsun Hill ce ta taimake ta a wannan tsagar ta Babban Rufi, wato inda dutsen ya turo kamar rufi a hanyar Hanci, sai dai ban ji sun ambaci cewa tsawonta bai kai mita 1.6 ba a wuraren da dogo ke miƙa hannu ya kama.

Autar Zaure:
Ku gafarce ni, sai yanzu na samu caji, na tarar har an sauya amsa-amo. Yaya Ɗan Kufena, ina bayanka, amma akwai abin da Inna ta ɓoye game da gwanarta, wanda ya faru a Buoux ta ƙasar Faransa a 1989.

Hill ta manta ƙarasa ƙulli,
Ta faɗo kafin ido ya runtse.
Reshen itace ne ya tare ta,
Kwana bai ƙare ba, rai bai katse.
Baba Malam mai awon na wasu,
Naka baitin ko ya maƙale a dutse?

Malam Mai Aruli:
'Yata, kin ɗauko "katse" da "dutse" daga bakin Hajiya kin sake ajiyewa, kuma maimaita kalmar amsa-amo a kusa haka aibi ne a wurin masana. Labarin naki dai gaskiya ne: ta kai sama ta jingina a kan igiyar da ba ta ƙullu ba, ta faɗo fiye da mita 20, gwiwar hannunta ta goce. Sai dai ku duka kun manta cewa Hill ɗin nan 'yar gasa ce kafin ta koma Hanci, har sau 5 ta lashe gasar Arco ta ƙasar Italiya. Baitina yana nan tafe bayan la'asar, idan na gama auna shi.

Ɗan Kufena:
Na gode, Malam, ka ba ni sanda ba tare da ka sani ba.

Inna, ashe gwanarki 'yar gasa ce,
Ta san bango kafin ta natse.
Malam kuwa ko matakalar Dala
Sai ya auna ta, ido a runtse.

Hajiyar Damagaram:
Ɗana, "natse" ɗin nan jawo ta ka yi da ƙarfin tsiya, domin mai hawa sama ba nitsewa take yi ba, kuma "runtse" ta Auta ce. Ka ambata mini dutse guda mai tsawon mita 900 da Janja ta hau, sannan mu ci gaba. La'asar ta wuce a Damagaram, Malam.