Shawara kan taswirar 'yan kallon tseren motoci a hamada

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. An ɗora mini aikin haɗa taswirar da 'yan kallo za su buɗe a waya su riƙa bin motocin tsere tsakanin Tanut da Gure a ƙasar Nijar, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka ɗauki Leaflet, wato manhajar nuna taswira a shafin intanet, ka shimfiɗa ta a kan OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet, domin duka biyun kyauta ne. Masu shiri su ba ka layin hanya a fayil na GPX, wato fayil ɗin da ke ajiye hanyar da GPS ta ɗauka.

Tsohon direba: Yaro, kafin maganar manhaja ka saurari abin da ya same ni. Wata shekara na ɗauki mutum biyar a kat-kat za mu kallo, muka amince da wani jan layi da ke cikin waya. Da muka bar kwalta rezo ya ɗauke, taswirar ta zama farin allo, sai ɗigo ɗaya da ke nuna inda muke. Motar ta nutse a rairayi har gindi, muka sassauta iskar tayoyi, muka yi ta tono da hannu daga azahar zuwa magariba, ga jarka ɗaya ce kawai ta rage mana. Wani makiyayi ne ya fitar da mu ta gefen rijiya. Saboda haka taswirar da ba ta sauka cikin waya tun daga gida ba ta da amfani a can, kuma wajibi ne rijiyoyi su fito a kanta. Bafaranshen nan ɗan tsere Thierry Sabine ma ɓata ya yi a hamadar Tenere a 1977 kafin ya kafa tseren Dakar.

Malama daga Zango: Baba ya yi gaskiya. Manhajar waya ta OsmAnd na ajiye taswira, tana kuma karanta GPX ba tare da intanet ba.

Injiniya: Wannan ya warware rabi ne kawai. Motsin motoci sai ta tauraron ɗan'adam, kamar na'urorin kamfanin Iridium, kuma ɗan kallon da ba shi da rezo ba zai gan shi ba.

Ma'aikacin jinya: Ni ban yarda a nuna layin tseren gaba ɗaya ba. Mutane za su je su tsaya a bayan tudun rairayi, inda direba ba ya ganinsu sai ya riga ya hauro. A nuna wuraren kallo da aka keɓe da tantin agaji kawai.

Injiniya: To wa zai buɗe taswirar da babu mota a cikinta, Likita?

Malama daga Zango: Kada a manta da Termit, yankin duwatsun nan na arewa maso gabashin Gure. Gandun kare namun daji ne tun 2012, ya kamata iyakarsa ta fito fili.

Ɗan Birni: Na gode. Baba, za ka iya zama da ni ranar Asabar mu sa rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya?

Tsohon direba: Ka zo bayan la'asar, ka taho da babbar takarda.